Manja: Arzikin Da Ke Barin Ƙauye Da Arha, Ya Komo Da Tsada

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauyukanmu na bakin kurmi tsakanin watan Fabrairu da na Mayu, ba sai an gaya masa lokacin manja ya yi ba. Tun kafin gari ya waye hayaƙi ya riga ya turnuƙe bayan gidaje, an ɗora rabin duro a kan murhu, 'ya'yan kwakwa suna tafasa, ƙarar taɓarya kuma tana tashi daga wannan unguwa zuwa waccan. Ranar Lahadi in mata suka zo sujada, ko da sun wanke hannu sau uku da sabulu, sai ka ga jan mai ya maƙale a gefen farce. Mu da muke tsayawa a gaba mukan gan shi sa'ad da suke miƙa baiko.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a kan wannan batu, wani abu ne da muke gani kowace shekara har ya kusa zame mana jiki. A watan Afrilu uwa takan ɗauki jarkar manjan da ta yi kwanaki tana wahalarsa, ta kai bakin hanya, ta sayar wa ɗan baranda a kan kuɗin da ya ga dama, domin an koro mata yaro daga makaranta. A watan Disamba, ana shirin Kirsimati, ita wannan uwa za ta ɗauki kwalba ta tafi kasuwa ta sayi manja a kan farashin da ya ɗara wanda ta sayar nesa ba kusa ba. Wani lokaci ma ainihin man da ya fito daga hannunta ne, ya dai yi 'yan watanni a ɗakin ajiyar wani. Ita ta sha hayaƙi, wani ya ci riba. In ana maganar raya karkara, mu a ganinmu daga nan ya kamata a fara.

Ba dukan masu karanta wannan shafi ne suke zaune inda kwakwa take fitowa ba. Itace ne mai son ruwa ƙwarai. Inda ya fi jin daɗi shi ne inda ake samun ruwan sama wajen milimita 2,000 a shekara, rani kuma bai yi tsawo ba. Shi ya sa cibiyarsa take kudu, a jihohi irin su Edo, Delta, Imo, Abiya, Akwa Ibom da Kuros Riba. Amma a nan tsakiyar ƙasa ma muna da rabonmu: ƙasar Igala a Jihar Kogi, yankin Kurmi a Jihar Taraba, da wasu sassan Binuwai, Nasarawa da kudancin Kaduna, inda kwakwa take bin rafuffuka da gindin duwatsu. A waɗannan wurare akwai ekklesiyoyi da yawa da ake sujada da Hausa, kuma rabi da kwatan kuɗin makaranta da na asibiti daga jikin wannan itace suke fitowa. Sauran 'yan'uwa da ke can arewa kuwa, ko ba sa noman, su ne suke zuba shi a miya, saboda haka maganar ta shafe su.

YADDA MUKA ZO NAN

Kwakwar manja 'yar asalin Afirka ta Yamma ce, kakanninmu ba daga ko'ina suka aro ta ba. Bayan da Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, manja ne ya zama babban abin da jiragen Turawa suke zuwa ɗauka, domin yin sabulu da kyandir da shafa wa injuna. Daga baya, a farkon ƙarnin da ya wuce, William Lever, mai kamfanin sabulun Sunlight, ya nemi gwamnatin mulkin mallaka ta ba shi manyan filaye a Nijeriya ya kafa gandun kwakwa, aka hana shi, sai ya tafi Kwango ta Beljiyam inda aka ba shi a 1911. Wannan hani ya sa sana'ar ta zauna a hannun talaka. Har wa yau, ko da yake akwai manyan kamfanoni irin su Okomu da Presco a Jihar Edo, wajen kashi 80 cikin 100 na manjan ƙasar nan daga hannun ƙananan manoma yake fitowa.

A farkon shekarun 1960 fiye da kashi 40 cikin 100 na manjan duniya daga Nijeriya yake. Yau rabonmu wajen kashi 2 ne, Indonesiya da Malesiya su biyu suna riƙe da fiye da kashi 80, mu kuma har sayowa muke yi daga waje mu cika. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Hukumomin sayen amfanin gona sun daɗe suna biyan manomi ƙasa da farashin duniya, har ya rasa ƙarfin zuciyar dasa sabon itace, kuma ba a rushe su ba sai a 1986. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya faɗa a kan tsakiyar ƙasar kwakwa. Sa'an nan man fetur ya zo, kowa ya juya wa gona baya.

Akwai wata magana da muke yawan ji, har a kan bagadi, wai mutanen Malesiya sun zo sun sace mana iri ne suka tafi suka yi arziki. Mu dai mu yi hankali da ita. An dasa kwakwar manja guda huɗu a lambun Bogor da ke tsibirin Jaba tun a 1848, an kuma buɗe gandun kasuwanci na farko a Malaya a 1917. Gaskiya ne masanansu sun zo nan a 1973 sun tattara iri domin kyautata nasu, amma a lokacin sun riga sun sha gabanmu a kasuwar duniya. Abin da suka fi mu da shi tsari ne: hukumarsu ta FELDA, wadda aka kafa a 1956, ta zaunar da talakawa a kan filaye, ta ba su iri mai kyau, ta kuma kafa injin matsa kusa da gonakinsu. Kuka a kan sata ba zai ƙara mana ko cokali ɗaya ba.

INDA MAN YAKE ZUBEWA

Bari mu bi aikin kamar yadda iyayenmu mata suke yinsa, gama a nan ne asarar take. Namiji ya hau ya saro nonon kwakwa, ya faɗo ƙasa ya ƙuje. A kwaso a tara a inuwa, a rufe da ganye kwana huɗu, biyar, har mako, domin 'ya'yan su saki a ji daɗin ɓanɓarewa. A dafa, a zuba a turmi a daka, ko a taka da ƙafa a cikin rami da aka daɓe. A zuba ruwa a dama, a tsame ƙwara da tuka, watau zare-zaren nan na jikin 'ya'yan, a kwashe kumfar man da ta taso, a sāke dafa ta har ruwan ya ƙone. Duro ɗaya yakan cinye wa mace da 'ya'yanta yini guda cur, ban da neman itace da ɗiban ruwa.

Asara ta fari tana cikin kwanakin nan da ake rufe kwakwa da ganye. Da zarar ɗan kwakwa ya ƙuje, wani sinadari da ke cikinsa yakan fara lalata man yana mai da shi tsami, kuma ba abin da yake tsai da shi sai zafin wuta. Kowace rana da ta wuce ba a dafa ba, tsamin ƙaruwa yake. Shi ne man da za ka ci ka ji yana maƙaƙi a maƙogwaro. Manyan masana'antu suna ƙoƙarin dafa kwakwa cikin kwana ɗaya ko biyu da sarewa, kuma masu sayen manja domin sarrafawa suna neman wanda tsaminsa bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Man da aka bari ya kwana da yawa yakan ninka wannan. Saboda haka yana da arha, ba ya kuma jimre ajiya. Mun san akwai masu cewa sun fi son ɗanɗanon irin wannan mai a miya, ba mu kuwa yi musu gardama ba, amma mai son ya ajiye mansa har Disamba, ko ya sayar da daraja, dole ya rage kwanakin. Maganin ba ya cin kuɗi: a sassare nonon gida huɗu da gatari tun ran da aka kawo shi, 'ya'yan za su saki da wuri.

Asara ta biyu ita ce man da yake tafiya a cikin tuka da ruwan wanki. Hannun mutum, kome ƙarfinsa, ba ya matse tuka ta bushe. Ka ɗauki wadda aka zubar a bayan gida ka sa mata ashana, ka ga yadda take ci bal-bal. Man da ya kamata ya shiga jarka ne yake ci. Babbar masana'anta mai aiki da iri mai kyau takan sami mai wajen kilo 20 daga kilo 100 na nonon kwakwa. Mai turmi da taɓarya, da kwakwar daji, da wuya ta wuce rabin haka.

A nan ne ƙaramin inji yake shigowa. Ba wani abin al'ajabi ba ne: tukunya ce ta ƙarfe mai wuƙaƙe a ciki da take dake dafaffun 'ya'yan cikin 'yan mintoci, da matsi mai juyawa kamar sukuru wanda yake tatse man tun yana da zafi. Masu walda a garuruwanmu suna ƙera shi, Cibiyar Binciken Kwakwar Manja ta Nijeriya kuma, wadda aka fi sani da NIFOR, kusa da birnin Benin, ta daɗe tana ƙera irin nata. Aikin da yake cinye yini, inji yakan gama shi kafin a gama hira, ya kuma fid da mai fiye da na hannu daga kwakwa iri ɗaya.

Amma kafin mu yi wa inji kirari, akwai wani tarihi da ya kamata dattawan ekklesiya su sani. Daga 1946 gwamnatin mulkin mallaka ta fara kafa ƙananan masana'antun matsar manja da ake kira Pioneer a gabashin ƙasar nan. A kan takarda abin alheri ne, ga mai mai tsabta, ga sauƙin aiki. Sai ga shi a ƙarshen shekarun 1940 da farkon na 1950 mata a ƙasashen Ibibiyo da Ngwa sun tashi tsaye suna ƙin su. Ba jahilci ba ne ya sa. Bisa ga al'adarsu mai na miji ne, ƙwara kuwa ta matar da ta yi aikin ce, da ita take sayen gishiri da zane. Da inji ya zo, miji ya kwashi kwakwar ɗungum ya sayar wa masana'anta ya sa kuɗin a aljihu, mace ta tashi hannu banza. An sauƙaƙe mata wahala, an kuma ɗauke mata abinci. A yawancin ƙauyukanmu ma rabon kusan haka yake. Duk injin da zai shigo ya mai da arzikin mata hannun maza, ko ya kwashe shi zuwa aljihun mutum ɗaya, bai raya ƙauye ba, ya dai sāke wa talauci mazauni.

ABIN DA YA SAME MU

Ba za mu ɓoye namu kuskure ba. Wasu shekaru da suka wuce, a ekklesiyar da muke hidima, aka ɗebi kuɗin baikon godiya na kaka aka sayo inji. Aka yi addu'ar keɓewa, aka yi waƙa, Zumuntar Mata suka yi rawa har ƙura ta tashi. Ba wanda ya tambaya wa zai riƙa lura da shi. Kuɗin da ake biya na matsa ya riƙa shiga asusun ekklesiya tare da baiko, in ana bukatar gyaran benci ko abincin baƙi a ɗiba. Wasu dattawa kuma suka ɗauka tun da na ekklesiya ne, ai ba sai sun biya ba. Ran da wani ƙarfe ya karye a ciki, aka duba asusu ba ko sisin gyara. Injin nan ya yi kaka biyu a gindin mangwaro, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa, mata kuwa sun koma turmi. Mu da muke riƙe da littafin ekklesiya a lokacin, laifin har da mu a ciki.

Matan ne da kansu suka tashe shi. Suka yi adashi suka gyara, suka kuma zo gaban dattawa da sharuɗɗansu. Kuɗin inji ba zai ƙara haɗuwa da na ekklesiya ba. Yana da littafinsa dabam, da mutum biyu masu sa hannu, ana kuma karanta lissafin a gaban kowa ƙarshen kowane wata. Abin da aka karɓa ana raba shi uku, na mai da ladan yaron da yake tuƙawa, na gyara, da na ajiya, na gyara kuwa ba a taɓa shi ko da wa ya mutu. Ba bashi, ko ga Fasto, ko ga katikis. Abin da ya fi muhimmanci, inji ba ya sayen kwakwar kowa. Mace ta kawo dafaffun 'ya'yanta, ta biya kuɗin matsa, ta kwashi manta, da ƙwararta, da tukarta ta tafi. Suka kuma ce a buɗe wa kowa, ɗan wata ɗarika, da maƙwabtanmu Musulmi, da mai bin al'adar gargajiya, kuɗi ɗaya, layi ɗaya. Wasu sun so su yi gunaguni a kan wannan, amma inji ba ya iya riƙe kansa da kwakwar ekklesiya ɗaya, ban da haka kuma layin nan ya haɗa matan da a dā ko gaisuwa ba ta cika haɗa su ba.

Canjin da muka fara lura da shi ba a aljihu ba ne, a makaranta ne. A dā in lokacin manja ya yi, 'yan mata sukan ɓace daga aji da kuma ajin katikisma, suna gida suna daka. Yanzu suna zuwa. Bayan haka sai ƙananan sana'o'i suka fara tsirowa a gefen rumfar: mai babur da yake ɗauko kwakwa daga kurmi, mai sayar da jarka, mai walda da yake zuwa daga gari, mai tuya ƙosai saboda masu jiran layi. Ba wanda ya yi arziki a cikinsu, amma samarin da suke samun na sabulu a gida ba su cika ɗokin tafiya birni ba.

Sa'an nan itacen kansa ba shi da abin yarwa, in an san darajarsa. Ƙwarar in an fasa, daga cikinta ake samun man alayyadi na shafawa da na sabulu, abin da ya rage bayan an tatse kuma abincin aladu da kaji ne. Ɓawon ƙwarar da tuka su ne makamashin dafa duro na gaba, a huta da sare kurmi. Tokar busasshen nono tana yin sabulun salo, in an mai da ita gindin itacen kuma taki ce. Ganye ya ba da tsintsiya. Abu ɗaya da muke roƙo shi ne ruwan wankin nan mai kauri kada a sake shi cikin rafi. Yana kashe kifi, yana ɓata ruwan da na ƙasa da mu suke sha. A haƙa masa rami nesa da rijiya, in ya kwanta ya ruɓe a kwashe a kai gona.

JARKA DA MUDU

Mu komo kan uwar nan da muka fara da ita. Inji ya ƙara mata mai, amma in har za ta sayar da shi duka a watan Afrilu, ɗan baranda kawai muka yi wa aiki. Sau da yawa ma yakan ba ta kuɗi tun kafin a sare kwakwa, a kan farashin da ya yanka, ya zo da jarkarsa da aka kumbura da ruwan zafi, wadda ake kira ta lita 25 alhali cikinta ya fi haka.

Akwai labarin da muka sani a Littafin Sarakuna na Biyu, sura 4, na gwauruwar da mai bin bashi ya zo zai kwashe 'ya'yanta. Ba ta da kome sai ɗan mai. Annabi Elisha ya aike ta ta aro tandaye a wurin maƙwabta, man kuma bai daina zuba ba sai da wurin zubawa ya ƙare; da shi ta biya bashi, ta ci sauran da 'ya'yanta. Nata man zaitun ne, namu manja, amma mun daɗe muna tunanin wannan: Allah ya riga ya ba mu mai, abin da muka rasa tandaye ne da maƙwabtan da za su ara mana. Abin da ƙungiyar mata take yi yanzu ke nan da kason ajiya. In mace ta matsu, maimakon ta kai bakin hanya, sai ta kawo jarkarta ɗakin ƙungiya, a rubuta sunanta, a ba ta wani abu daga cikin kuɗin ta biya bukata. In farashi ya tashi wajen ƙarshen shekara a sayar gaba ɗaya, a cire abin da ta karɓa, a ba ta sauran. Kuɗin bai kai ya ɗauki kowa ba tukuna, kuma akwai shekarar da farashi ba ya tashi yadda aka sa rai, dole a faɗa wa mutane wannan tun farko. Man ajiya kuma sai wanda aka dafa da wuri, aka ƙone ruwansa sarai, aka tace, aka cika jarka mai tsabta har wuya, aka ajiye a inuwa. Ɗigon ruwa a gindin jarka ya isa ya ɓata ta.

Amma kada mu nuna ɗan baranda da yatsa mu manta da kanmu. Littafin Karin Magana, sura 11, ya gaya mana sarai yadda Ubangiji yake ƙyamar ma'aunin zamba. Akwai masu bi da suke haɗa man bara da na bana, akwai masu barin laka a gindin jarka. Mafi muni shi ne zuba rini domin mai ya yi ja wur. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan wannan. Irin rinin da ake kira Sudan, na masana'antu ne, an haramta shi a abinci domin ana danganta shi da ciwon daji. Yawanci a hannun 'yan kasuwa ake yin wannan aika-aika, amma in mai saye a Kano ko Jos ya daina yarda da manja, mu na ƙauye ne za mu fara ji a jikinmu. Ƙauyen da aka san mansa da gaskiya, mota za ta bi mummunar hanya ta zo nemansa.

Jan nan na halitta kuwa ba ado ba ne. Shi ne abin da jiki yake juyawa ya zama bitamin A, mai tsare yara daga dundumi da ƙara musu ƙarfin jiki. Uwar da take soya manja har ya yi hayaƙi ya koma fari, ta ƙone maganin da Allah ya sa a ciki.

IRIN DA ZA MU DASA

Yawancin kwakwar da ke kurminmu ba wanda ya dasa ta, ta fito ne da kanta. Irinta ake kira dura: ɓawon ƙwara mai kauri, tsoka kaɗan, ga tsawo. Kusan kowane ƙauye yana da wanda ya faɗo daga kanta ya mutu ko ya gurgunce, samarin yanzu kuma ba sa son hawa, ba mu kuwa ga laifinsu ba. Irin da masana suka fitar, tenera, ana samunsa ta wurin barbara dura da wani iri da ake kira pisifera. Ɓawonsa siriri ne, tsokarsa da yawa, yana fara haihuwa cikin shekara uku zuwa huɗu, a yi shekaru ana sarewa daga ƙasa kafin a bukaci lauje a kan dogon gora. Ana dasa shi da tazarar mita 9 ta kowace fuska, watau wajen itace 143 a hekta ɗaya, ya yi ta bayarwa shekara 25.

Ga gargaɗin da muke so kowa ya riƙe. Tenera ba ta haifar kamarta duka. In ka tsinci 'ya'yanta ka shuka, ko ka tumɓuke wanda ya tsiro a gindinta, cikin kowane huɗu wajen biyu ne za su fito tenera, ɗaya ya koma dura, ɗaya kuma pisifera wadda yawanci ba ta ba da amfani. Ba za ka gane ba sai bayan shekara huɗu, ka riga ka yi asarar fili da wahala. A ido kuwa duk dashe ɗaya ne, shi ya sa masu sayarwa a bakin hanya suke rantsuwa nasu na gaske ne. Gara ƙungiya ta haɗa kuɗi ta aiki mutum ya sayo tsirarren iri daga NIFOR ko wani wuri da hukuma ta amince da shi, ya karɓo rasit, a yi renonsa a leda wajen shekara ɗaya a bayan majami'a inda ido yake kai. Mu kuma tuna raninmu ya fi na kudu tsawo. A nan sai a fadama da gefen rafi. Wanda ya kai ta kan tudu zai yi ta jira.

Ekklesiya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun ƙarshen shekarun 1950 aka fara aikin koyar da noma tare da bishara a ƙasar Filato, yau kuma akwai CRUDAN a Bukuru, da sassan raya karkara na ɗariku dabam dabam, waɗanda za a iya neman shawararsu wajen rajistar ƙungiya da riƙe littafin kuɗi. Darasin da muka koya da wahala shi ne aikin ekklesiya ta ba da inuwa, da fili, da amintaccen shaida, ba ta zama mai inji ba.

Akwai dai abubuwan da inji bai warware ba. Hanyarmu tana nan yadda take, kuɗin mota kuma ya hau tun da aka janye tallafin man fetur a 2023. A wasu yankunan ma shiga kurmi da asuba ya zama abin tsoro. Amma wanda ya fi damunmu yana cikin gida. Itacen da zai yi shekara 25 yana haihuwa, na wa ne? A yawancin ƙabilunmu mace ba ta gādon ƙasa. Ta yi reno, ta yi ban ruwa da rani, ta kori gafiya da awaki, in mijin ya rasu 'yan'uwansa su zo su ce kwakwar ta gidan ubansu ce. Mun ga gwauruwar da aka hana ta saran itatuwan da ita ta dasa da hannunta, masu hanawar kuwa da su muke cin Jibin Ubangiji. Saboda haka matan suka ce ba za su sa kuɗinsu a sabon dashe ba sai an rubuta, a gaban mai unguwa da dattawan ekklesiya, cewa amfanin itacen na wadda ta dasa ne da 'ya'yanta muddin ranta. Sun kawo maganar a taron dattawa sau biyu, sau biyu kuma an ɗage ta. Ledojin reno suna nan a jere a bayan majami'a, an cika su da ƙasa, damina kuma tana matsowa.